Ranar da Malama Tasalla Ta Kife Tukunya

Dajin Tsamiya Uku daji ne mai tsari, kuma tsarin nasa bai wuce magana ɗaya ba: wanda ya fi daɗewa a zaune, shi ne mai gaskiya.

Haka majalisar dajin take tun kaka da kakanni. Ana zama ne a gindin babbar tsamiya, cikin wata da'ira da aka zagaye da fararen duwatsu. Kowace zuriya tana da wakili ɗaya, tun daga zaki har jaɓa, kuma bakin kowa daidai yake da na kowa. Dokokin zaman uku ne. Ba a shiga da abinci a hannu ko a ƙunshi. Ba a cin ɗan majalisa a cikin da'ira. Sannan magana ba ta yankuwa muddin akwai mai cewa a'a a ciki, amma duk wanda ya tsallaka duwatsun ya fita, to a'arsa ta bi shi.

Waɗanda suka kafa dokokin sun ce adalci ne, kuma a baki adalcin ne. Sai dai Sarki Zaki yakan ci sau ɗaya a kwana uku. Madaki Kada yakan yi mako biyu yana hamma a rana bai nemi komai ba. Galadima Mesa kuwa sau ɗaya yake haɗiya a wata. Ita ko jaɓa, in ta yi sa'a uku ba ta sa komai a baki ba, sai ta fara ganin tsamiya shida. Saboda haka kowace muhawara takan fara da murya arba'in, ta ƙare a kwana na uku da murya huɗu, sannan Sanƙira Hankaka ya tashi sama ya shaida wa daji cewa an amince baki ɗaya.

A wannan majalisa Malama Tasalla ta sha ƙasa bara.

Malama Tasalla gafiya ce, mai jiki, mai kumatu, mai saurin hawa da saurin sauka. Ita ce wakiliyar gafiyoyi, ita ce kuma malamar makarantar da ke cikin tsohon suri a bakin rafi, inda 'ya'yan ƙananan dabbobi ke koyon ƙirga da karanta sawu da gane inuwar shaho. Bara ta kai ƙorafi cewa a riƙa dafa wa yaran nan abinci kullum, don ta gaji da yi wa ciki mai ƙugi bayanin bakwai a tara da uku. Ta yi jawabi mai kyau, har aka tafa. Da azahar yunwa ta kore ta. Da ta dawo a kwana na uku, sai ta tarar maganarta ta yi girma ta zama Babbar Ranar Ciyarwa: sau ɗaya a wata, ranar sha huɗu, a filin gaban tsamiya, da kiɗa da jawabai.

Galadima Mesa ne shugaban kwamitin, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba, ko dai ba ita kaɗai ba. Shi har cikin zuciyarsa ya yarda ciki iri ɗaya ne a duniya, wato irin nasa.

"Ni kaina sau ɗaya nake ci a wata," in ji shi, "ga ni nan kamu goma sha biyu. Yaro ya ci sau ɗaya ya ƙoshi, ya huta da tauna, ya fuskanci karatu."

Sai ya zama a Babbar Rana manya su buɗe taro da cikinsu, abin da ya rage a ɗura wa yara har ya dawo ta hanci. Su yi kwana biyu suna ciwon ciki, sauran kwanakin watan kuma suna ciwon rashin ciki. Ɗalibai arba'in suka koma talatin, talatin suka koma ashirin, iyaye suna janye su zuwa kalen gyaɗa. Ana cikin haka Sarkin Fada Kura ya samo wata doka, ita ma a kwana na uku, cewa makarantar da ta gaza ɗalibi goma za a rufe ta a mai da surin rumbun fada. Makullin rumbun kuwa a wuyansa zai zauna.

Ranar Larabar da labarin nan ya fara, ɗaliban Malama Tasalla goma ne cif.

Da hantsi ta zana gyaɗa bakwai a jikin allo, ta kira Tsahara. Tsahara 'yar jaɓa ce, ba ta kai tsawon yatsan biri ba, amma duk ajin babu mai kanta.

"Gyaɗa bakwai, a cire uku. Saura nawa?"

Tsahara ta matso kusa da allo. Ta ƙura wa gyaɗar ido. Ta ƙara matsowa, ta miƙa dogon bakinta, ta lashe guda ɗaya. Aji ya kwashe da dariya.

"Saura shida, Malama," ta ce a hankali, sai ta sulale ƙasa.

Dariyar ta ɗauke. Malama Tasalla ta sure ta, ta ƙwalla kiran Inna Yalwa, tsohuwar bushiyar da aka ɗauka aikin girki na kwana ɗaya a wata, take zuwa sauran kwanakin don ba ta da wurin hira. Aka yayyafa ruwa, aka ɗiga mata jiƙon tsamiya a baki. Ko da ta farfaɗo, uwarta Ladingo na tsaye a bakin ƙofa da kwandon kale a ka.

"Malama, ba faɗa na zo ba," in ji Ladingo. "'Yata na zo ɗauka."

"Haba Ladingo. Kin san in ta fita sun koma tara."

"Na sani. Amma tara masu rai sun fi goma da gawa. A gona ko ba komai tana tsintar gara ta jefa a baki. A nan me take ci? Allo?"

"Ki ba ni lokaci zuwa Asabar."

"Asabar ɗin da za a ɗura mata abincin wata guda? Wancan watan kwana biyu tana birgima tana kiran kakarta."

"Na ce ki ba ni zuwa Asabar. In ban yi komai ba, ni da kaina zan riƙo hannunta in kawo miki gona."

Ladingo ta dubi 'yarta, ta dubi malama, ta ja tsaki.

"Asabar. In rana ta faɗi, shi ke nan."

Aka tashi yara. Malama Tasalla ta zauna a ƙofar suri ta zabga tagumi, don ta yi alkawari ba tare da ko rabin dabara a kanta ba. Inna Yalwa na gefe tana kankare wata tsohuwar tukunya da ba ta da abin kankarewa.

"Da zamanin kakata ne," in ji tsohuwar, "da tuni an kife tukunya."

"Wace tukunya kuma, Inna?"

"Au, ku malaman zamani ba ku san wannan ba? In mace ta kife tukunyarta a gindin tsamiya, majalisa ta zauna ke nan, a take, ko Sarki na tsakiyar wanka. Ba mai cewa sai gobe. Ba kuma mai tayar da tukunyar sai wadda ta kife ta."

"To me ya sa aka daina?"

"Wa zai kife? Ki kife da safe, da azahar yunwa ta fitar da ke, su yi ta zama suna kallon tukunyarki suna dariya. Ta ƙarshe da ta gwada, tukunyar ma ba ta samu ba, Kura ya ce ta zama kayan majalisa."

Malama Tasalla ta mayar da tagumi. Inna Yalwa ta ci gaba da kankara tana ƙorafinta na kullum.

"Ni dai abin da ke gabana ya ishe ni. Ɗazu Sarkin Fada ya aiko wai a ƙara nama wannan karon, don manya sun tanadi ciki. Wai Sarki tun Litinin bai taɓa komai ba. Madaki ya kusa mako uku. Galadima kuwa rabonsa da haɗiya tun waccan Babbar Rana, ya ce a jera masa ƙwan jimina goma sha biyu, kada a fasa ko ɗaya. Ciyar da yara ke nan, 'yar nan."

Hannun Malama Tasalla na kan kumatunta, sai ta ji kamar yau ta fara taɓa su. Ta ja na dama, ya biyo ta kamar jaka. Ta ja na hagu.

"Inna, sake faɗa mini dokar farko."

"Ba a shiga da abinci a hannu ko a ƙunshi."

"A hannu ko a ƙunshi." Ta miƙe zumbur. "Ara mini tukunyar nan."

Alhamis da Juma'a ba a ga malama a zaune ba. Ta hau bishiya wajen Biri Cindo, wakilin birai, wanda shi ma Allah ya hore wa kumatu masu aljihu. Ta gangara fadama wajen Gada, wadda ke iya dawo da karin safe baki ta sake taunawa da la'asar. Ta bi gidajen iyayen da suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba da abin da ya samu, mai gyaɗa uku, mai aya biyar.

Asabar ta waye fes. Filin gaban tsamiya ya cika. An jera tukwane suna tururi, ga kifi an gasa, ga naman nan da ake kawowa daga wani daji can bayan dutse, wanda ba a tambayar sunan mai shi. A kan wata sabuwar tabarma ƙwan jimina goma sha biyu suna sheƙi. Can a ƙarshen layi, a inuwar wata 'yar sabara, akushin gero da gyaɗa na yara.

Manya suka iso cikinsu a lafe. Kura na tafe miyau na bin sawunsa. Galadima Mesa ya shigo siriri kamar igiyar guga, ya naɗe kusa da tabarmarsa, ya ɗaga kai zai yi jawabin buɗe taro.

"Ya ku jama'ar Tsamiya Uku. A yau, kamar kowane wata, zuciyarmu tana tare da yara..."

Ƙwam!

Kowa ya waiwaya. Malama Tasalla na tsaye a tsakiyar da'ira, tukunya a kife a gabanta, fuskarta ta kumbura ta yi biyun yadda aka san ta.

"Malama, haƙori ne?" in ji Kura. "Allah ya sawwaƙe. Ɗauke tukunyarki, abinci na hucewa."

Sanƙira Hankaka ya sauko kan dutse. Shi ne ma'ajin dokoki, kuma duk duniya babu abin da yake so kamar a ba shi dalilin yin shela.

"An kife tukunya! An kife tukunya a gindin tsamiya! Majalisa ta zauna! Kowane wakili ya shiga da'ira!"

"Bayan an ci dai," in ji Madaki Kada.

"A take, ranka ya daɗe. Haka al'ada ta ce. Ko Sarki na tsakiyar wanka."

Duk daji na kallo. Sarki Zaki ya dubi naman, ya dubi jama'a, ya taka cikin da'ira da ƙasaita. Da Sarki ya shiga, babu wanda ya isa ya tsaya a waje.

Malama Tasalla ta gyara murya. Maganar na fita da ƙyar saboda kayan da ke bakinta, amma ta fita.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Magana ɗaya na kawo. Abincin nan da ake tarawa a cinye rana ɗaya, a raba shi gida talatin. Kullum da hantsi a ɗora tukunya ɗaya a makaranta. Ba kiɗa, ba jawabi. Na gama."

Galadima Mesa ya miƙa wuya, ya yi murmushin da ya saba yi wa masu gajeren zama.

"Allah ya taimaki Sarki. Malama mace ce mai tausayi, kuma tausayi abu ne mai kyau a cikin gida. Amma mulki ba tausayi ba ne, mulki hangen nesa ne. In muka saba wa yaro da ci kullum, me muka koya masa? Mun koya masa ya ji yunwa kullum. Yau ya ci, gobe ya sake nema, jibi ya ce haƙƙinsa ne. Ni Galadima na ce a'a, kuma ina nan zaune."

"Ni ma ina nan zaune, ranka ya daɗe," in ji Malama Tasalla. Ta turo gyaɗa ɗaya da harshe, ta ɗora a haƙori. Ƙaras!

Kura ya daka tsalle.

"Tana ci! Allah ya ja zamanin Sarki, tana ci a cikin majalisa! Ga Cindo ma! Dubi Gada, bakinta bai tsaya ba tun da muka shigo!"

"Sanƙira, me doka ta ce?" in ji Sarki.

"Ba a shiga da abinci a hannu ko a ƙunshi, Allah ya ba ka nasara."

"To kumatu fa?"

Hankaka ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Babu kumatu a doka. Waɗanda suka kafa ta babu mai kumatu a cikinsu."

Biri Cindo ya ɗaga hannuwansa biyu sama don kowa ya shaida babu komai a ciki, ya ci gaba da tauna aya yana lumshe ido.

Rana ta ɗaga. Ƙananan wakilai suka fara fita kamar yadda suka saba, Ladingo wakiliyar jaɓa ce ta farko, tana tangaɗi. Amma yau ba gida suka nufa ba. Sabara suka nufa, inda Inna Yalwa ta riga ta buɗe akushi tana zuba wa yara, tunda babu dokar da ta ce yaro ya jira majalisa. Iska kuma kamar an aiko ta, ta juyo da ƙamshin gasasshen kifi ta cusa shi cikin da'ira.

Kura ne ya fara karyewa. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya, ya ciji wutsiyarsa. Da ya hango ungulu biyu sun sauka kusa da tukwane sai ya fashe.

"Allah ya ja zamanin Sarki, dukiyar jama'a na cikin haɗari! A matsayina na Sarkin Fada, bari in je in kore su."

Ya tsallaka duwatsu. Ya kori ungulu, gaskiya ya kore su, sannan ya tsaya gadin naman da bakinsa.

Madaki Kada ya jure har azahar. Daga nan ya ce bayansa na tsagewa, likita ya hana shi daɗewa a rana, ya ja ciki ya fita. Hanyar rafi na gabas, shi kuwa ya yi yamma, wajen kifi.

Sarki Zaki ya fi su sanin girma. Ya bari sai da cikinsa ya yi wata ƙara da ta sa Gada ta zabura, sannan ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Uba ba ya shiga tsakanin 'ya'yansa. Duk abin da kuka yanke, mun sa albarka. Za mu je mu ga halin da yara ke ciki."

Ya wuce yaran ko kallo bai yi musu ba.

Sai dai ɓangaren malama ma ya fara zuba. Cindo, da ba a taɓa saninsa da tanadi ba, ya cinye ayarsa tun kafin azahar, ya ɗan yi ta maza, sannan ya raɗa mata, "Yaya Tasalla, ni fa iyakata ke nan," ya haye reshe ya fice. Gada ta tauna abin da za ta tauna har ya zama ruwa, ta ba da haƙuri ta bi shi. Kafin la'asar da'ira ta koma ta mutum biyu, gafiya da mesa, da tukunya a tsakaninsu.

Abin da Galadima bai sani ba shi ne, guzurin da ke kumatun Malama Tasalla ya ƙare tun da Sarki ya fita. Gyaɗar ƙarshe ta daɗe da wucewa. Da ta sunkuya kamar tana gyara zaman tukunya, tsakuwa ta kwasa ta cusa dama da hagu. Yanzu tsakuwar take juyawa a baki, dasashinta na zafi, tsamiyar ma ta fara zama biyu. Ta hango Tsahara a bakin duwatsu, ta ɗora haɓa a kan farin dutse tana kallonta. Ta hango Ladingo a bayanta da kwando, tana duban rana.

Galadima ya warware kaɗan, ya matso har tana jin sanyin numfashinsa.

"Malama, kin san kina da ƙiba kuwa?"

"Doka ta biyu, ranka ya daɗe," in ji Hankaka daga sama, da sauri.

"Yabo na yi." Ya zaro harshe ya mayar. "Malama, mu yi maganar manya. Sau biyu a wata."

"Kullum."

"Duk mako. Kuma in sa a ba ki sarautar Uwar Yara, da lema."

"Lemar za su ci? Kullum."

"Ni fa na yi wata ban ci ba. Ƙarin kwana uku wasa ne a wurina."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni ma na yi guzurin kwana uku." Ta bubbuga kumatunta, tsakuwa ta yi ƙara kamar gyaɗa mai ɓawo. "Amma ƙwan can ban ga alamar zai kwana ba."

Galadima ya waiwaya. A kan sabuwar tabarma ƙwai bakwai ne. Kura na zaune a gefe, gemunsa ya yi rawaya, yana mirgina ɗaya daga ciki da ƙafa.

"Sarkin Fada! Wannan nawa ne!"

"Duba maka nake, Galadima, ko akwai bara-gurbi!" Ƙwas!

Saura shida. Madaki Kada ya gama da kifi, ya juyo yana tafe a hankali wajen tabarma. Sarki ma ya ɗago kai daga ƙashi yana tambayar ko ƙwan jimina na da daɗi kamar yadda ake faɗa. Galadima ya dubi ƙwai, ya dubi kumatun malama da ko alamar raguwa ba su yi ba, ya sake duban ƙwai. Biyar.

"Wannan ba muhawara ba ce, fashi ne," ya ce, sai ya zame ta kan fararen duwatsu kamar an harba kibiya.

Hankaka bai jira wutsiyar ta gama fita ba.

"Akwai mai cewa a'a a cikin da'ira? Babu! An amince baki ɗaya!"

Malama Tasalla ta tayar da tukunya. Sannan ta sunkuya ta zubar da abin da ke bakinta a ciki, ƙwaram ƙwaram, tsakuwa ta cika gindin tukunya. Fili ya ɓarke da sowa. Galadima na can da ƙwai a maƙogwaro, ya ji ƙarar, ya gane, amma bakinsa a cike yake. Ita ko malama sai ta zauna daɓas, Tsahara ta rugo da gyaɗa uku a hannu ta tura mata a baki.

Ranar Litinin hayaƙi ya tashi daga tsohon suri. Ɗalibai goma suka zama ashirin da shida kafin Laraba. Ranar Alhamis kuma sai ga sababbin baƙi: Kura, Madaki Kada da Galadima Mesa, wai majalisa ta naɗa su Kwamitin Ɗanɗana Abincin Yara.

"Bismillah, ku shigo," in ji Malama Tasalla. "A ciki muke girki."

Ƙofar suri daidai ɗalibi aka yi ta. Kura ya cusa hanci, ya tsaya a kunne. Madaki ya gwada ta gefe, bai wuce haƙora ba. Galadima kuwa, da ƙwai huɗu kacal ya samu ranar Asabar, har yanzu siriri ne. Ya yi musu murmushi, ya zurara ciki sumul.

Yara sun riga sun ci sun siɗe. Sai babbar tukunyar dafaffen wake da Inna Yalwa ta sauke don gobe. Galadima ya ce ɗanɗano na gaskiya sai da mazubi, ya haɗiye ta har murfi. Ya yi godiya, ya juya zai fita. Kai ya fita, wuya ya fita, da aka zo kan tukunya sai ƙofa ta ce ba ta san wannan ba.

Aka ja ta waje, aka tura ta ciki, ko motsi. Likita Zalɓe ya zo ya ƙwanƙwasa, ya ce sai tukunya ta narke, wata guda ke nan in an yi sa'a. Karatu bai tsaya ba, don gafiya ba ta taɓa zama a gida mai ƙofa ɗaya ba. Yara suka koma shiga ta baya, suka kuma sami benci mai laushi kamu tara, wanda ba ya cizo tunda bakin na waje. Hankaka ya zagaya daji yana shelar cewa Galadima, saboda tsananin ƙaunar yara, ya tare a makaranta na wata guda. Masu wucewa rafi sukan durƙusa gaban kan nasa su ce, "Ranka ya daɗe, ya aikin sa ido?" Shi kuma ya ce, "Da godiya."

Majalisa ta zauna a makon, ba tare da an gaya wa gafiyoyi ba. A kwana na uku aka amince baki ɗaya da doka ta huɗu: daga yau kowane wakili zai buɗe baki a bakin da'ira, Sarkin Fada ya leƙa.

Inna Yalwa ce ta kawo labarin, tana rabon wake da hantsi. Malama Tasalla ta ɗaga kafaɗa, ta ci gaba da zana gyaɗa a allo. Tsahara na zaune a kan bencin Galadima, ƙafafunta na lilo, akushi a cinya.

"Malama, gobe ma akwai?"

"Akwai."

"Jibi fa?"

Malama Tasalla ta dubi bencin. Ƙullin da ke tsakiyarsa ya ɗan fara saɓewa.

"Jibi ma akwai. Cinye ki zo ki cire mini uku daga bakwai."

Da aka tashi, ta ɗauki tsohuwar tukunyar nan ta Inna Yalwa, ta wanke ta tas, ta ajiye a bayan ƙofa. Inna ta miƙa hannu za ta ɗauka ta zuba ruwa.

"Bar ta nan, Inna," in ji malama. "Wannan ba ta girki ba ce."